Alhaji na son takarda da farashi guda, abokaina na cewa Ajayil: wanne za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni da abokaina biyu mun gama karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma mun samu aikinmu na farko mai ɗan kauri. Wani Alhaji ne dilan taki da iri da maganin feshi, yana da babban sito a cikin garin Sakkwato da shaguna a Illela, Goronyo da Wurno. Yana son manhajar da za ta riƙe masa lissafin kaya da ciniki da bashi. Ya ce mu rubuto duk abin da za ta yi da farashi guda, ya sa hannu, sai mun gama ya gani. Abokaina sun ce wannan tsohon yayi ne, Ajayil ake yi yanzu, wato a riƙa yin aiki kaɗan-kaɗan ana nunawa ana gyarawa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa ya zama mabuɗin wasu. Na daɗe ina rubuta manhaja, na kuma jagoranci masu rubuta ta, kuma na ji daɗi da ka yi tambayar tun kafin a sa hannu, don yawanci sai aiki ya cije ake zuwa da ita.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, ba ku kaɗai ne za ku zaɓi tsarin ba. Abu biyu ne za su zaɓa muku: mutumin da zai riƙa zama da ku daga ɓangaren Alhaji yana cewa e ko a'a, da kuma yadda za a biya ku. In waɗannan biyun ba su daidaita ba, ko wane suna kuka laƙaba wa aikin za ku sha wuya.

Tsarin da Alhaji yake nema shi ne wanda aka koya muku da sunan Wotafol. An samo sunan daga ruwan da ke zubowa daga kan dutse, wanda in ya sauka mataki ba ya komawa sama. A tattara buƙatu a rufe, a yi zane a rufe, a rubuta manhaja, a gwada, a miƙa. Zanen matakan da kuka gani a aji ya samo asali ne daga wata maƙala da wani injiniya Ba'amurke, Winston Royce, ya rubuta a 1970. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, Royce ɗin da kansa ya ce bin matakan nan kai tsaye yana da haɗari kuma yana janyo faɗuwa. Dalilinsa kuwa, gwaji na zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyaran babban kuskure ke nufin a koma farko. Shawarar da ya bayar ita ce a yi aikin sau biyu, na farko ƙarami don a koyi darasi, kuma a riƙa jawo mai aikin ciki tun kafin ranar miƙawa. Aka ɗauki zanen, aka bar gargaɗin.

Me ya sa tsarin ya yi ƙarko duk da haka? Saboda ya dace da yadda ake ba da kwangila. Mai kuɗi yana son sanin abin da zai saya da nawa zai biya kafin ya buɗe aljihu. Ma'aikatar tsaron Amurka ta shigar da irin wannan tsari cikin ƙa'idojin kwangilarta a 1985, sai a 1994 ta fito da sabuwar ƙa'ida da ta ba da damar yin aiki zango-zango. Mu ma nan, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 an gina ta ne a kan a bayyana aikin, a yi takara a kan farashi, a ba wanda ya ci. Don haka kada ku ɗauki Alhaji a matsayin wanda zamani ya bari a baya. Mutum ne da ya saba sayen tirelar taki: buhu kaza, farashi kaza, ranar kaza. Buƙatarsa ta sanin iyakar kuɗin da zai kashe halas ce, kuma wajibi ne ku biya masa ita ta wata hanya.

Matsalar kawai ita ce manhaja ba buhun yuriya ba ce. Mai ita ba ya sanin abin da yake so sai ya taɓa ta. Na koyi wannan ne a wani aiki da muka yi wa wani mai sayar da magani a sari, shekarun baya. Muka rubuta takarda mai kauri, ya karanta, ya sa hannu, muka ɓace wata biyar. Ranar nuni, akawunsa ya zauna gaban kwamfuta, bai yi minti goma ba ya ɗago kai ya ce, "To ina anka aje na waɗanda ka ɗaukar kaya su sayar su kawo kuɗi ran Juma'a?" Ashe babban kaso na cinikinsu haka yake tafiya: mutum ya ɗauki kaya, ya sayar da abin da ya sayu, ya maido da saura. Ba wanda ya ɓoye mana. Abin ya zame musu jiki ne har ba su ga cewa abin faɗa ba ne. Mu kuwa mun gina komai a kan cewa kaya in sun fita sito an sayar da su ke nan. Muka nuna takarda, mai maganin ya ce, "Ba haka munka yi da ku ba." Mu muna da gaskiya a takarda, shi yana da gaskiya a kasuwa, kuma manhajar ba ta da amfani sai da muka rushe rabinta.

Irin wannan ba ya tsaya a kan ƙananan ayyuka. Hukumar FBI ta Amurka ta yi watsi da wata manhajar adana bayanan bincike a 2005 bayan ta kashe kimanin dala miliyan 170, alhali takardar buƙatunta ta haura shafi 800. Aikin da ya maye gurbinta ma ya yi ta jan ƙafa, sai da hukumar ta maido shi cikin gida a 2010, ta rage ma'aikata, ta koma yin sa zango-zango na mako biyu, sannan aka fara amfani da shi a 2012. Kaurin takarda bai tsare su ba.

Wannan ciwon ne ya haifar da Ajayil. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 masu rubuta manhaja suka haɗu a wani wurin shaƙatawa a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa. Suka ce sun fifita mutane da hulɗarsu a kan ƙa'idoji da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tarin takardu, haɗin kai da mai aiki a kan jayayyar kwangila, da karɓar canji a kan bin tsari sau da ƙafa. Suka kuma ƙara da cewa abubuwan da suka sa a baya ɗin ma suna da daraja, fifiko ne kawai. Ka nuna wa abokanka wannan jimlar, domin da yawan masu cewa "mu Ajayil muke yi" abin da suke nufi shi ne ba za su rubuta komai ba, ba za su yi alƙawarin komai ba. Ba haka waɗancan mutane suka ce ba.

Hanyoyin da ke ƙarƙashin wannan inuwa sun girmi sanarwar. Sikram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana yanka aiki zuwa zanguna da ba su wuce wata guda ba, kowane zango ya ƙare da abin da za a iya taɓawa. Kanban kuwa daga masana'antar Toyota ya fito, allo ne da katuna, da dokar cewa kada a fara sabon abu sai an gama na hannu. Hikimar duka ɗaya ce: a rage tazarar da ke tsakanin kuskure da gano shi. Da mun nuna wa akawun can wani abu a mako na biyu, da tambayarsa ta ci mana kwana uku maimakon wata biyu. Gani ya kori ji.

Amma akwai sharaɗin da abokanka ba su ambata ba, kuma a kansa nake son ka tsaya. Cikin ƙa'idoji 12 da suka biyo bayan sanarwar akwai wadda ta ce masu kasuwancin da masu rubuta manhaja su yi aiki tare kullum har ƙarshen aiki. Sikram ma ya tanadi mutum guda mai wuƙa da nama a kan me za a fara yi, me za a bari. Ajayil ya sauke nauyin takarda ne ya ɗora shi a kan wannan mutum. In babu shi, babu takarda kuma babu mai yanke hukunci, sai ku riƙa yin hasashe kuna kiransa sassauci. Ko aikin da ake yawan kafa misali da shi, na biyan albashi a kamfanin motoci na Chrysler wanda Kent Beck ya jagoranta daga 1996, ya fara biyan ma'aikata wajen 10,000, amma wakiliyar kamfanin da ke zama da masu aikin ta gaji ta bar wurin, ba a samu madadinta kamar ta ba, kuma aka soke aikin a 2000. Kujerar nan tana da nauyi ƙwarai.

Yanzu dubi naku Alhajin. Yau yana Kano, gobe yana Legas wajen lodi, in azumi ya zo wataƙila yana Umra. Ya riga ya gaya muku sai kun gama zai gani. Shin zai zauna awa ɗaya duk mako biyu? In ba zai iya ba, wa zai wakilta, kuma maganar wakilin za ta zauna, ko ranar da Alhaji ya dawo zai rushe ta? A al'adarmu yaro ba ya son ya yanke magana a bayan maigidansa, kuma ku ma za ku ji nauyin ce wa dattijo a'a. Wannan kunya abu ne mai kyau a zaman tare, amma in ba a yi mata tanadi ba tana kashe aikin manhaja a hankali.

Na ɗanɗana wannan ɓangaren ma. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba mu aiki a kan kuɗi dunƙule, mu kuma muka ce za mu yi shi da sassauci, duk abin da suka gani suna so su faɗa. Mai makaranta ya faɗi nasa, shugaban makaranta ya faɗi nasa, ma'aji ya faɗi nasa, wani lokaci na wannan ya ci karo da na wancan. Kowane nuni sai ya haifi sabbin buƙatu biyar, kuɗi kuwa suna nan yadda aka yanka. Aikin wata uku ya kusa cin shekara, ɗaya daga cikin yarana ya bar mu saboda ba abin da zan ba shi, kuma har yau ina jin ciwon hakan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mun karɓi kuɗi, ba halin gudu. Don haka ka riƙe wannan da kyau: farashi dunƙule tare da ƙofar canji a buɗe shi ne mafi munin haɗin da ƙaramin kamfani zai shiga. Ya fi Wotafol zalla muni, don a can aƙalla kana da takardar da za ka nuna.

Ana yawan cewa Wotafol kamar ginin gida ne. Ni kuwa in na dubi yadda mutanenmu ke gini a Mabera ko Arkilla, sai in ga akasin haka. Mutum ya sayi fili, ya zagaye, ya yi ciki da falo da bayi, ya tare da iyalinsa. Bayan shekara biyu ya ƙara ɗaki, daga baya ya yi shago a ƙofar gida. Kowane mataki ana amfana da shi, kuma zaman gidan ne ke nuna masa inda ya kamata taga ta kalla. Wannan ai shi ne aiki zango-zango. Sai dai magini mai hankali zai tambaye shi tun ranar farko: za ka hau sama nan gaba? Ina rijiya, ina masai, ina ruwan sama zai bi? Waɗannan ba a sake su da arha. Tun ran gini tun ran zane. To aikinku shi ne ku rarrabe abin da yake harsashi da abin da yake fenti, ku yi wa na farko shiri irin na Wotafol, ku bar na biyu ya bi sassaucin Ajayil.

Bari in nuna maka harsashin wannan aikin naku, don a nan ne gwaninta take.

Na farko, manhajar ta yi aiki ko babu sabis. Ba maganar raunin sabis a ƙauye kawai nake yi ba. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Shagon da manhajarsa ba ta motsi sai da intanet, littafi da biro ya koma. Yin aiki ba sabis kuma ba maɓalli ba ne da za a ƙara daga baya. Yana nufin kowace waya ta riƙe nata bayanan, ta samar da lambar rasit da ba za ta yi karo da ta wani shago ba, kuma ku yanke tun yanzu me zai faru in manomi ɗaya ya ci bashi a Wurno ya biya a Sakkwato alhali wayoyin biyu ba su gana da juna ba kwana huɗu.

Sai ma'auni. Taki na shigowa a buhu mai kilo 50, amma ana farke buhu a sayar a mudu, kuma adadin mudun da ke fita daga buhu ba kullum yake cika daidai ba. Kamfa da yuriya ba nauyinsu ɗaya a mudu ba. Maganin feshi da iri suna da ranar lalacewa, ke nan kwalba biyu masu suna ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya a rumbun bayanai ba. Sai bashi, wanda nake kyautata zaton shi ne zuciyar kasuwancin Alhaji. Ku tambaya: manomi na karɓar taki da damina ya biya da kaka? Yana biya da kuɗi ko da buhun shinkafa ko albasa? Wa ke tsaya masa? Shagon Illela kuma yana kallon Ƙonni, da wuya a ce ba a karɓar sefa, don haka kowane ciniki ya ajiye kuɗin da aka karɓa da canjin ranar, kada a juya shi zuwa naira a jefar da asali.

Akwai guda da na fi ba nauyi a kan duk waɗannan. Kada manhajarku ta bari a goge ko a sauya abin da aka riga aka shigar. In an yi kuskure, a shigar da gyara a sabon layi, da sunan wanda ya yi da lokaci. Dalilina shi ne, ranar da lissafi ya nuna giɓin buhu goma sha biyu, wani yaron shago ne za a kira ɓarawo. A Birtaniya, manhajar lissafi ta gidan waya mai suna Horizon ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, aka gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 tsakanin 1999 da 2015, wasu suka yi zaman kurkuku, wasu suka rasa gidajensu, sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Abin da kuke rubutawa zai iya zubar da mutuncin ɗan mutane a garinsu. A wannan ɓangaren ba na yarda da "mu fitar mu gyara daga baya". A zauna a yi tunani, a rubuta, a yi gwaji mai sarrafa kansa a kan kowane lissafi, wani ya duba aikin wani. Ku kuma tuna za ku riƙe sunaye da lambobin waya da basussukan manoma, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku.

Sauran kuwa fenti ne: yadda allo zai kasance, wane rahoto Alhaji ke son gani da safe, ko rasit zai fita a takarda ko ta WhatsApp, ko rubutun zai zama da Hausa ko Turanci ko duka biyun. Kada ku ɓata mako guda kuna rubuta bayaninsu. Ku yi, ku nuna, ku gyara. Kuma ku bar wuri ga abin da ba wanda ya hango. Harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ƙaranci, ciniki ya koma tiransifa da POS cikin 'yan makonni. Iyakar Nijar an rufe ta a 2019, aka buɗe a ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ba takardar buƙatun da za ta iya hango waɗannan.

To yaya za ku kai wa Alhaji maganar? Kada ku ambaci Ajayil ko Wotafol a gabansa, ba abin da za su ƙara masa. Ku ce masa: Alhaji, ba ma son mu yanka maka farashin abin da ba mu gani ba, kada mu cuce ka ko mu cuci kanmu. Ka ba mu mako biyu ko uku mu zauna a sito da shago ɗaya, a kan kuɗi kaɗan da za mu yanka yanzu. Wannan zaman aiki ne, a biya shi. Ku je da littafi, ku kalli yadda ake sauke mota, ku ɗauki hoton littafin bashi da izini, ku je Illela ranar Lahadi da kasuwa ke ci ku ga yadda yaron shago ke fama da mutum goma a lokaci guda. A ƙarshe ku ba shi takarda gajeriya, shafi biyar zuwa goma, mai ɗauke da harsashin nan da na lissafa, da jerin ayyuka bisa muhimmanci, da abin da ba ya cikin aikin. Wannan sashe na ƙarshe shi ne zai cece ku. Takardar tasa ce, ko da wasu zai ba aikin.

Daga nan sai ku yanka aikin gida uku ko huɗu, kowane da farashinsa da ranarsa. Kashin farko ya zama ƙarami amma cikakke: babban sito kaɗai, shigar kaya da fitarsu, a yi amfani da shi da gaske tare da littafi a gefe har lissafin biyu ya yi daidai. Sai bashi. Sai shago ɗaya na waje. Sai sauran. Kowane kashi da kafin alƙalaminsa, da cikon kuɗi ranar da aka karɓa. Kun ga Alhaji ya samu abin da yake so, wato sanin iyakar abin da zai kashe, har da ƙarin cewa zai iya tsayawa a kowace gaɓa yana riƙe da abu mai amfani. Ɗan kasuwa zai gane darajar wannan nan take. Ku kuma kun samu damar sake farashi bayan kun ƙara sanin aikin.

A cikin kowane kashi ku sa doka guda ta canji, ku rubuta ta da Hausa a yarjejeniya: in an kawo sabon abu, ko a cire wani mai girmansa, ko ya jira kashi na gaba. Wannan ya fi "a'a" sauƙin faɗa ga babba. "To Alhaji, za mu yi. Wanne za mu ɗage a madadinsa?" Bayan kowane nuni ku tura saƙon WhatsApp mai layi biyar na abin da aka amince, ku nemi a amsa da "na gani". Ku kuma rubuta wa ke da mallakar manhajar, wa zai biya kuɗin saba (kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet) duk shekara, da nawa ne kula da ita bayan miƙawa, don manhaja ba ta ƙarewa ranar da aka miƙa ta.

A tsakaninku ku uku, ba ku buƙatar duk tarukan Sikram da muƙamansa. Allo guda ya isa, da layi uku: za a yi, ana yi, an gama. Kada katin da ke tsakiya ya wuce uku. Ku tsaya minti goma sha biyar kowace safiya, ku yi nuni duk mako biyu ko da abin da kuka gama kaɗan ne, musamman ma in kaɗan ne, don a lokacin ne zuciya ke raya wa mutum ya ɓuya. Ku yarda a kan ma'anar "an gama": an gwada a kan ƙaramar wayar da yaron shago ke riƙewa, a kashe data, a cikin rana. In aiki ya makara kada ku yi saurin ɗauko mutum na huɗu. Wani masanin harkar manhaja, Fred Brooks, ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi, don sabon zuwa sai an koya masa, kuma masu koyarwar su ne masu aikin. Ku rage kaya ne, ku faɗa wa Alhaji da wuri.

Ba ina cewa ko'ina haka za a yi ba. Wasu masana biyu, Barry Boehm da Richard Turner, sun kawo ma'auni biyar a 2003 da har yau nake amfani da su: girman tawaga, girman ɓarnar da kuskure zai yi, yawan canjin buƙatu, gwanintar ma'aikata, da al'adar wurin. Da manhajar auna maganin jarirai ce a asibiti, ko wadda za ta haɗu da tsarin banki mai ƙa'idojin da ba ku da ikon sauyawa, da na ce ku karkata sosai ga shiri da takarda da sa hannu a kowane mataki. Haka in kwangilar gwamnati ce, takardar za ta zo muku a rufe, abin da ya rage shi ne ku yi zangunanku a cikinta, ku nace a kan nuni. Naku kuwa tawaga ce ƙarama, buƙatu masu motsi, kuskure mai taɓa dukiya da mutunci amma ba rai ba. Ma'auni na huɗu ne ya kamata ku yi wa kanku adalci a kansa: sabbin hannu ne ku, kuma Ajayil ya fi son ƙwararru da ke iya riƙe zane a ka. Shi ya sa nake son ku rubuta harsashin, ku kai wa wani da ya riga ku a sana'ar ya duba kafin ku fara.

Ku lura da kalanda ma. Daga Yuni zuwa Agusta shagon taki ba ya da lokacin koyon sabon abu, haka farkon noman rani wajen Nuwamba da masu albasa da shinkafa ke tururuwa. Ku sa gwajin farko a lokacin da kasuwa ta lafa, kuma kada ku ƙaddamar a shaguna huɗu rana ɗaya.

Kafin duk wannan, a zamanku na gaba ku yi wa Alhaji tambaya guda cikin ladabi: in ba ka gari, wa za mu nuna wa aiki, wanda in ya ce e ta zauna? In ya ce ba kowa sai shi, kuma ba shi da lokaci, to ku ƙara kaurin takardar, ku ƙanƙanta kashin farko, ku sa farashi mai ɗaukar gyara. In kuwa ya nuna akawunsa na babban sito, ku roƙe shi ya faɗi hakan a gaban akawun da masu riƙe da shagunan Illela da Goronyo da Wurno, don ranar da akawun ya ɗage buƙatar ɗayansu zuwa kashi na gaba, kada maganar ta dawo kanku.